Faifan Na'urar Neman Zinariya: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Saya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Kasuwar Daji, cikin yankin Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda, ya san mutanen wannan nahiya ba su sayen dabba da ka. Kafin a ƙulla cinikin sa, sai mai saye ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa tozo, sa'an nan ya sa a ja shi domin ya ga tafiyarsa. Mai sayen hatsi kuwa sai ya tura hannu har tsakiyar buhu, don kada a nuna masa na kirki a sama a ɓoye masa ɗan ƙwari a ƙasa. Amma abin mamaki, idan aka zo ga sayen na'urar neman zinariya, wadda kuɗin mai kyau daga cikinta ya fi na shanu da yawa, sai a tarar mutum ya yi cinikin biri a sama.

Maganar ta shafi jama'a da dama. Akwai samarin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi waɗanda suka bar gona suka bi sahun masu neman arzikin ƙasa, wasu zuwa Anka da Maru da Bukkuyum, wasu kuma har Jamhuriyar Nijar. Akwai kuma masu ɗaukar nauyinsu, watau 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata waɗanda kan zuba kuɗin sallamarsu bisa sharaɗin a raba abin da aka samu. Tambayar da irin waɗannan mutane suka fi yi wa mai sayarwa ita ce wace na'ura ce ta fi gani da zurfi, shi kuwa sai ya ɗauko masu wadda faifanta ya fi faɗi. A nan ne asarar take farawa, domin babu wani faifai guda da ya fi sauran a ko'ina. Irin ƙasar da za a yi aiki a kanta, da irin zinariyar da ke cikinta, su ne suke yanke hukunci.

YADDA NA'URAR TA ISO ƘASAR HAUSA

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. An fara lissafin fitar da ita a hukumance tun shekarar 1913, kuma aikin ya bunƙasa ƙwarai a cikin shekarun 1930, kafin ya ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani kayan aikin su ne diga da shebur da ƙwaryar wanke yashi. Wuraren da aka sani da ita a Arewa maso Yamma sun haɗa da Maru da Anka da Birnin Gwari da Bin Yawuri.

Na'urar hannu kuwa ta shigo ne ta hanyar hamada. Ta fara yaɗuwa a ƙasar Sudan wajen shekarar 2009, ta wuce arewacin Cadi a 2013, sa'an nan a watan Afrilu na 2014 aka gano zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar. Dubban mutane suka ɗunguma zuwa can ta hanyar Agadas, cikinsu har da Hausawa masu yawa, har Gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017. Waɗanda suka komo gida sun komo da labarin yadda ake yawo da sanda a bisa ƙasa, ta yi ƙara, a tona kaɗan a ɗauki curin zinariya.

Labarin gaskiya ne, amma yana da dalili. A hamada iska ta shafe dubban shekaru tana share rairayi, ta bar curin zinariya kusa da fuskar ƙasa, ga fili fetal babu ciyawa babu gona, kuma ba a taɓa bin wurin da na'ura ba. Wanda ya ɗauko faifan da ya yi aiki a Jado ya kawo shi jar ƙasar Zamfara, yana zaton zai ga abin da ya gani can, bai yi la'akari da wannan bambanci ba.

YADDA FAIFAN YAKE AIKI

Na'urar tana da sassa uku: akwatin lantarki mai ɗauke da batir, da sanda, da kuma wani abu mai faɗi a ƙarshen sandar wanda ake shafawa bisa ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne faifan, kuma shi ne idon na'urar. A cikinsa babu komai sai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe zagaye da yawa aka rufe da roba. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, sai ƙarfin maganaɗisu ya fita ya ratsa ƙasa. In ya gamu da wani ƙarfe, sai ya tayar da ɗan ƙaramin lantarki a jikin ƙarfen, shi kuma ya maido da amsa mai rauni ƙwarai. Faifan ya karɓi amsar, akwatin ya mai da ita ƙara a kunnen mai aiki.

Abin lura na farko shi ne na'urar ba ta san zinariya ba, ƙarfe kawai ta sani. Darma da tagulla da gwangwani da kwankon harsashi duk suna sa ta ƙara, wani lokaci ma irin ƙarar da zinariya take sa ta. Tun farkon ƙirƙiro wannan dabara aka ci karo da matsalar. A shekarar 1881, Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro wayar tarho, ya haɗa irin wannan na'ura domin ya gano harsashin da ya maƙale a jikin Shugaban Amurka James Garfield. Bai yi nasara ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da majinyacin yake kwance a kai sun rikita na'urar. Abin da gadon nan ya yi wa Bell, shi ne ƙasa mai sinadarin ƙarfe take yi wa mai neman zinariya a yau.

Na'urorin sun kasu gida biyu manya. Gida na farko su ne masu aika ƙarfin maganaɗisu ba tsayawa, yana kaɗawa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Misali, Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya tana kaɗawa sau 45,000 a daƙiƙa, Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher na Amurka kuwa sau 71,000. Waɗannan sun fi sauƙin kuɗi, ba su da nauyi, kuma suna jin 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke kusa da sama, amma ƙasa mai ƙarfe tana damunsu. Gida na biyu su ne masu bugawa su tsaya su saurara, kamar mai ƙwanƙwasa tulu ya ji ko da tsaga. Da yake amsar ƙasa tana saurin mutuwa fiye da ta curin ƙarfe, sai na'urar ta ɗan jinkirta kafin ta saurara, ta haka take kauce wa yawancin hayaniyar ƙasa. GPX 4500 da GPX 5000, waɗanda suka yi suna a filayen zinariya na Afirka, daga wannan gida suke. Sun fi zurfi, sun fi nauyi, kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba.

IRE-IREN FAIFAI UKU

Na farko shi ne mai zobe cikin zobe. A cikinsa akwai babban naɗi mai aikawa a waje, da ƙarami mai karɓa a tsakiya. Ana samunsa a na'urorin gida na farko. Ganinsa kamar mazurari yake, mai faɗi a sama mai tsini a ƙasa, saboda haka yana nuna ainihin inda abu yake ba tare da an yi tono mai faɗi ba, kuma ya iya bambance baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa. Rauninsa shi ne ba ya jure wa ƙasa mai sinadarin ƙarfe. A farin rairayi gwani ne, a jar ƙasa kuwa sai ya yi ta kuka ba dalili.

Na biyu shi ne tagwayen faifai, wanda akan ga an rubuta DD a jikinsa. Naɗi biyu ne masu siffar rabin wata, suka hau juna a tsakiya, ɗaya yana aikawa ɗaya yana karɓa. Ganinsa siriri ne kamar kaifin wuƙa, ya miƙe daga goshin faifan zuwa ƙeyarsa. Da yake ƙasar da yake saurara a lokaci guda ba ta da yawa, hayaniyar da yake kwasowa ma ba ta da yawa, shi ya sa ya fi kowanne natsuwa a ƙasa mai wuya. Bugu da ƙari, a na'urori irin su GPX 5000, sai da shi ne maɓallin ƙin baƙin ƙarfe yake aiki, haka kuma da shi ake rage katsalandan na manyan wayoyin lantarki. Abin da ake biya a madadin wannan natsuwa shi ne ɗan ragin zurfi.

Na uku shi ne mai zobe ɗaya, wanda ake rubuta Mono a jikinsa. Naɗi guda ne tak, shi yake aikawa shi yake karɓa, kuma na'urorin gida na biyu ne suke amfani da shi. Idan aka gwada shi da tagwayen faifai mai faɗi ɗaya a ƙasa mai sauƙi, yakan fi shi zurfi, kuma ƙararsa ta fi fitowa sarai. Gefensa ma yana ji ƙwarai, har akan karkata shi a nemi abu a bangon rami. Amma yana da aibi uku. Yana kwaso hayaniyar ƙasa fiye da tagwaye, ba ya bambance baƙin ƙarfe da zinariya ko kaɗan, watau duk abin da ya yi ƙara sai an tona, sa'an nan ganinsa yana tsukewa a can ƙasa, don haka tilas kowace shafa ta hau kan rabin wadda ta gabace ta.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana cin lokaci, kuma ɗalibi zai iya lissafa shi da kansa. A ɗauka faifai ne mai faɗin inci 11, watau kamar santimita 28, mai aiki yana shafa faɗin mita ɗaya da rabi, kowace shafa tana cin daƙiƙa 4. In mai zobe ɗaya ne, ana matsawa santimita 14 kacal, eka ɗaya za ta ci kimanin awa 21. In tagwaye ne, ana matsawa santimita 25, za ta ci kimanin awa 12. Ba a sa lokacin tono da na hutu a ciki ba. Wanda ya yi gaggawa da mai zobe ɗaya ya bar rabin filinsa bai duba ba, alhali yana zaton ya gama.

BABBA KO ƘARAMI

Bayan iri sai girma. Ana auna faifai da inci, tun daga mai inci 5 har zuwa mai inci 18 ko fiye. Ƙa'idar a taƙaice ita ce babban faifai yana ganin babban curi a zurfi, amma yana tsallake ƙananan ƙwayoyi, ƙaramin faifai kuma yana jin ƙananan ƙwayoyi amma ba ya nisa. Kamar rariya ce, mai manyan ƙofofi ba ta riƙe tsaki.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake nema. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19 da ɗoriya, saboda haka curi mai nauyin giram ɗaya bai wuce girman ƙwayar dawa ba, mai kashi ɗaya cikin goma na giram kuwa kamar ƙwayar gero yake. A kowane filin zinariya na duniya, ƙananan sun fi manyan yawa ninkin-ba-ninkin. Wanda ya ɗaura faifai mai inci 18 ya shiga filin da zinariyarsa ƙwayar gero ce, zai yini yana tafiya a kan arziki bai ji komai ba.

Zancen zurfi kuma akwai ƙari a cikinsa ƙwarai. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa a hanyar zuwa, amsar ma tana raguwa a hanyar komowa. Da zarar abu ya yi nisan da ya wuce faɗin faifan, in zurfinsa ya ninka biyu, amsarsa tana iya raguwa har sau 64. Wannan dokar halitta ce, babu kamfanin da ya isa ya karya ta. Shi ya sa yawancin abin da ake samu da na'urar hannu bai wuce zurfin kamu ɗaya ba, sai fa manyan curi, su ma da wuya su wuce mita ɗaya. Curi mai suna Hand of Faith, wanda aka samu da na'ura a Jihar Biktoriya ta Ostareliya a shekarar 1980, nauyinsa ya haura kilo 27, amma a zurfin kimanin santimita 30 aka same shi. Duk mai sayarwar da ya ce na'urarsa ta hannu tana hango zinariya a zurfin gaba biyar ko goma, ko tana nuna ta daga nesa da 'yan sanduna masu juyawa, ba gaskiya ya faɗa ba.

Akwai kuma nauyi. GPZ 7000, wadda Minelab ya fitar a 2015, ta haura kilo 3 tare da faifanta na asali, babban faifanta mai inci 19 kuwa shi kaɗai ya kusa kilo 2. Mai lilo da irin wannan kaya a ƙarshen sanda cikin zafin bazara, kafin azahar hannunsa ya mutu, ya fara ɗaga faifan sama da ƙasa. Kowane santimita da faifai ya tashi daga ƙasa, an yi asararsa a zurfi. Har ila yau babban faifai ya fi kwaso katsalandan na wayoyin lantarki da na walƙiya, ko da hadarin yana can nesa.

Siffa ma tana da nata amfani. Zagayayyen faifai ya ɗan fi zurfi, amma mai siffar ƙwai ya fi shiga tsakanin duwatsu da kututture da cikin kwazazzabo. Gold Monster 1000 ta fito a 2017 da tagwayen faifai biyu, mai siffar ƙwai inci 10 da 6, da zagayayye mai inci 5, domin a nemi wuri da na farko, a tsefe shi da na biyu. Wannan tsari shi ne na ƙwararru a ko'ina: matsakaici domin bincike, ƙarami domin tsincewa, babba kuwa sai a filin da aka riga aka tabbatar yana da manyan curi kuma ƙasarsa tana da kauri.

ƘASA ITA CE ALƘALI

Duk wanda ya yi noma a wannan yanki ya san ƙasarsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai jigawa mai rairayi, akwai fadama mai laka a bakin Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙaura da Gulbin Bunsuru da ya bi ta Zurmi, akwai kuma faƙo da tudu mai marmara da jar tsakuwa. Jan da ake gani a marmara tsatsar ƙarfe ce. Baƙin yashin nan mai ƙyalli da yake kwanciya a ƙorama bayan ruwa ya wuce, shi ma yawancinsa ƙarfe ne, in aka kusanta maganaɗisu gare shi wani sashe zai manne. Abin takaicin shi ne zinariya, saboda nauyinta, a wurin da baƙin yashi yake taruwa ita ma take taruwa. Ma'ana, inda aka fi sa rai, nan ne na'ura ta fi rikicewa.

Saboda haka a tudun marmara, mai ƙaramar na'ura ta gida na farko ba shi da zaɓin da ya wuce ƙaramin tagwayen faifai. Mai babbar na'ura ta gida na biyu zai iya fara gwada mai zobe ɗaya mai inci 11, in ya daidaita na'urar da ƙasa amma ba ta daina gunaguni ba, sai ya koma ga tagwaye. Faifan da ya yi shiru har mai aiki ya iya jin 'yar ƙaramar ƙara ya fi wanda aka ce yana da zurfi amma kunne ya cika da hayaniya. A tsohon kufai da gonar da aka daɗe ana nomawa, inda gutsattsarin fartanya da ƙusa da gwangwani suka cika ƙasa, tagwaye zai rage wahalar tonon banza. Lokaci ma yana da tasiri, domin jiƙaƙƙiyar laka, musamman mai kanwa ko gishiri, ta fi busasshiya damun na'ura. Filin da ya gagara da damina yana iya yin sauƙi da rani.

ABIN DA BABU FAIFAN DA ZAI GANI

Ga magana mafi muhimmanci, wadda mai sayarwa ba zai faɗa ba. Na'ura tana jin zinariya ne idan ta dunƙule wuri guda. Amma yawancin zinariyar da ake haƙowa a Anka da Maru da Bukkuyum tana cikin jijiyoyin farin dutse ne, a warwatse kamar gari, wani lokaci ido ma ba ya ganinta. Dutse yana iya ƙunsar zinariya mai daraja, a ɗora faifai mafi tsada a kansa bai ce uffan ba, domin kowace ƙwaya ita kaɗai take amsawa, kuma ta yi ƙanƙanta. Haka garin zinariyar da ake wankewa a ƙorama. A irin wannan wuri ƙwaryar wanki ta fi na'urar miliyoyin Naira faɗin gaskiya.

Irin wannan dutse sai an haƙa rami an bi shi, an fasa, an niƙa, kuma jama'ar Zamfara sun san abin da wannan ya taɓa jawowa. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Bincike ya nuna dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da darma mai yawa, ƙurarsa ta shiga ƙasar tsakar gida da abinci. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ramin kansa ma yana da nasa haɗari. A watan Nuwamba na 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa cikin Jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya, mutane aƙalla 18 suka halaka.

Dangantakar wannan da zancen faifai a fili take. Mutumin da ya sayi na'ura da bashi, ya yi wata biyu bai samu komai ba domin zinariyar wurin ba mai curi ba ce, shi ne wanda yakan jingine sandar ya faɗa rami, ko ya kwaso dutse ya kai gida a daka. Tambayar farko ke nan ba ta faifai ba ce. Ita ce ko an taɓa tsintar curin zinariya a wannan fili, kuma yaya girmansa yake.

GWAJI KAFIN CINIKI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu sayarwa sukan kaɗa zoben zinariya a gaban faifai cikin shago, na'ura ta yi ƙara tun daga nesa. Wannan gwaji yaudara ce ko da ba a yi niyya ba, domin zobe da'ira ce rufaffiya wadda lantarki yake zagayawa cikin sauƙi, amsarsa ta fi ta curi mai kaushi mai nauyi ɗaya da shi, sa'an nan iskar shago ba ta da marmara. Gwajin gaskiya shi ne a sami 'yan ƙwayoyin zinariya da aka san nauyinsu, a ɗaure kowace a leda, a binne su a zurfi daban-daban cikin irin ƙasar da za a yi aiki, a bi ta kansu da faifai ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da kowanne ya ji.

Na biyu, faifai ba ya hawa kowace na'ura. Na gida na farko ba ya aiki a gida na biyu. Ko a kamfani ɗaya ma, faifan GPX 5000 ba ya hawa GPZ 7000, haka kuma ba ya hawa GPX 6000 da ta fito a 2021. Akwai kamfanonin da sana'arsu ƙera faifai ce kawai, irin su Coiltek da Nugget Finder na Ostareliya, su ma kowane faifai sukan bayyana na'urar da aka yi shi dominta.

Na uku, jabu ya yi yawa. Tun lokacin da kasuwar ta buɗe a Sudan aka cika Afirka da na'urori masu kama da na Minelab a fenti da suna, amma cikinsu ba ɗaya ba. Araha ba ta ado. Wajibi ne a nemi dillalin da kamfani ya amince da shi, a duba lambar na'ura, a karɓi rasit da takardar garanti. In faifan na hannu ne, a duba tsaga a jikinsa da karaya a wayarsa, a kunna na'ura a ɗan ƙwanƙwasa shi, in ya yi ƙara don an taɓa shi kawai, to, naɗin cikinsa ya saki.

DOKA DA TSARO

Mallakar na'ura ba izinin haƙa ba ne. Bisa ga Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007, duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa suna hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonar gado suke. Mai son bincike ko ƙaramar haƙa sai ya nemi lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Tarayya, kuma hanya mafi sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi ita ce su haɗu a ƙungiyar gama kai mai rajista. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara saboda ta'asar 'yan bindiga, sai a watan Disamba na 2024 aka ba da sanarwar ɗage hanin. Ɗage hani bai halatta haƙa ba tare da lasisi ba, bai kuma mai da kowane daji wurin shiga ba. Mutanen Shinkafi da Zurmi ba su bukatar a gaya masu wannan. Ma'aikacin gwamnati da ke bakin aiki kuma ya tuna cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana shi gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma.

Saboda haka wanda ya yi niyyar sayar da shanunsa a Kasuwar Daji, ko ya fasa asusun sallamarsa, domin ya sayi wannan na'ura, ya kamata ya bi abin daki-daki. Ya fara tabbatar da izini da lafiyar wurin. Ya bincika ko zinariyar filin mai curi ce ko gari. Ya ɗebo ƙasar ya ga ko rairayi ce ko marmara. Bayan haka ne zai zaɓi na'ura, ya fara da matsakaicin faifai da ƙarami guda, ya bar babban sai ƙasa ta nuna tana bukatarsa. In kuwa amsar tambaya ta biyu gari ce, shanun nan sun fi masa amfani a turke.